Wane mudu za a auna matashin Italiya da shi? Kwatanta takardun tambayoyi masu gano tawayar rayuwa

A ɗauki 'yan mata biyu 'yan shekara 15 a aji ɗaya na wata sakandare a Bologna. An raba musu takardar tambayoyi kan fargaba, suka cike, maki ya fito iri ɗaya. Ta farko gabanta na faɗuwa duk ranar da malami zai kira ta gaban allo don tambayoyin baki, abin da makarantun Italiya ke kira interrogazione, kuma makinsa yana shiga sakamakon zango. Amma tana miƙewa, murya na rawa, ta amsa, ta samu bakwai cikin goma, ta koma kujerarta. Ta biyu kuwa tun daren jajibiri cikinta ke murɗawa, gari na wayewa ta ce ba ta da lafiya. Ta daina zuwa wasan ninƙaya, ƙawaye sun gaji da kira. Kwanakin fashinta sun fara taruwa, ga dokar ƙasar ta ce ɗalibin sakandare sai ya halarci aƙalla kashi uku cikin huɗu na awannin shekara kafin a ƙirga masa shekarar, in ba da wani uzuri da makaranta ta karɓa ba.

Takardar da ke ƙirga alamomin ciwo ba ta ga bambancin yaran nan biyu ba. Wadda za ta gani ita ce mai auna tawaya, wato yadda matsala ta hana mutum tafiyar da karatunsa, zamansa da iyaye, abota da hutunsa. Littafin DSM da likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi ya sanya wannan sharaɗi a yawancin cututtuka: alamomi kaɗai ba su isa ba, sai sun jawo ƙunci ko cikas na a zo a gani. Babban binciken nan na PrISMA, wanda ya duba yara sama da 3,000 'yan shekara 10 zuwa 14 a birane bakwai na Italiya aka wallafa shi a 2009, ya samu kimanin kashi 8 cikin ɗari suna da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Lissafi irin wannan yana hawa yana sauka gwargwadon inda aka ja layin tawaya.

To mai bincike ko ma'aikacin asibitin ƙwaƙwalwa na yara da matasa a Italiya, irin cibiyoyin da ake kira NPIA a taƙaice, da ya ƙudura zai ɗauki ma'auni ɗaya ya tantance ingancinsa a kan matasan ƙasar, wanne zai ɗauka? Aikin yakan ci shekara ɗaya ko biyu, da neman izinin kwamitin ɗa'a, da sa hannun iyaye, da roƙon shugabannin makarantu su ba da awa guda. Zaɓen tumun dare a nan yana da tsada.

Mafi sauƙi a hannu shi ne ɗan ƙarin da ke bayan takardar SDQ, wadda ke tambayar halayen yaro na ƙwarai da matsalolinsa. Robert Goodman, likitan ƙwaƙwalwar yara a Landan, ya fitar da SDQ a 1997 da tambayoyi 25, sannan a 1999 ya ƙara mata shafin da ke tambayar tasiri. Shafin yana farawa da tambaya ɗaya: kana ganin kana da matsala ta ɓangaren motsin rai, natsuwa, ɗabi'a ko zama da mutane? In ka ce e, sai a tambaye ka tsawon lokacinta, ko tana damunka, ko tana kawo cikas a gida, a abota, a karatu da lokacin hutu, da ko ta zama nauyi ga na kusa da kai. Maki daga 0 zuwa 10. Matashi ɗan shekara 11 zuwa 17 yana cika tasa, iyaye da malamai suna da tasu, akwai ta a harshen Italiyanci, kuma ta takarda kyauta ce. Minti biyu an gama.

Aibinta yana cikin wannan tambaya ta farko. Duk wanda ya ce a'a an rufe masa ƙofa, makinsa sifili. Ko wanda ya ce e ma, in ya zaɓi «kaɗan» a sauran tambayoyin, sifili ake rubuta masa. Ka shiga aji mai ɗalibai 25, za ka fito da tulin sifili da 'yan tsirarun lambobi a gefe. Masu nazarin ma'aunai sukan ce in sama da kashi 15 cikin ɗari na masu amsa suka taru a mafi ƙarancin maki, ma'aunin ba ya rarrabe mutane a wannan gefen. Ga mai son tace ɗalibai dubu ya ware waɗanda ke bukatar a sake dubawa, wannan ba laifi ba ne, rariya ce, aikinta ke nan. Ga mai son ya ga ko watanni uku na jinya sun motsa wani abu, ko ya san a wane fanni yaron ya fi shan wahala, tambaya ɗaya ga kowane fanni ta yi kaɗan.

A ɗaya bakin akwai WFIRS, wadda likita Margaret Weiss ta Kanada ta tsara, asali domin masu fama da rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, ciwon da ake kira ADHD. Ta iyaye tambayoyi 50 ce a fannoni shida. Wadda mutum ke cika wa kansa tambayoyi 69 ce a fannoni bakwai: iyali, aiki, makaranta, dabarun rayuwar yau da kullum, yadda mutum ke kallon kansa, zamantakewa, da ayyukan ganganci. Kowace tambaya daga 0 zuwa 3 take, kan watan da ya gabata, kuma akwai gurbin «bai shafe ni ba». Tana tambayar abubuwan da uwa za ta gane nan take: wahalar shiryawa a fita daga gida da safe, wahalar kwanciya barci da dare, zarce ƙima a intanet da wasannin bidiyo, kasa riƙe kuɗi, kasa miƙa aikin makaranta kan lokaci. Likita na karanta amsoshin ya san inda zai sa hannu. Ita ma kyauta ce, ƙungiyar CADDRA ta Kanada tana rarraba ta. Ga Italiya, inda a 2007 aka buɗe rajistar ƙasa ta yaran da ake ba maganin ADHD ƙarƙashin cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, Istituto Superiore di Sanità, ma'aunin da zai nuna ko magani ya gyara rayuwa, ba ƙiriniya kaɗai ya rage ba, abin so ne.

Sai dai a nan ake yin ta. Takardar cika-da-kanka an ɗinka ta ne da jikin baligi da babban matashi a zuciya, rigar ta yi wa ɗan shekara 14 yawa ta wasu wurare. Fannin aiki tambayoyi 11 ne, alhali a Italiya karatu wajibi ne har shekara 16, kuma yawancin 'yan sakandare ba su da wani aikin albashi. Me ɗalibi zai yi da tambayar «matsala da shugabanka a wurin aiki»? Wasu za su tsallake. Wasu, musamman 'yan makarantun fasaha da na sana'a, za su tuna makonnin da aka tura su koyon aiki a kamfani su amsa da wannan. Fanni guda ke nan ya rabu gida biyu tun kafin a fara lissafi. Tambayoyin tuƙin ganganci ma haka. Lasisin mota sai shekara 18, amma ɗan shekara 14 yana iya samun lasisin ƙaramin babur, motorino, kuma a garuruwa da yawa shi ne abin hawan 'yan makaranta. In mai fassara ya zaɓi kalmar da ke nuni da mota, yaron da ke kutsawa tsakanin motoci a guje ba hular kwano zai rubuta «bai shafe ni ba» da zuciya ɗaya. Sannan akwai tambayoyin wiwi, giya, 'yan sanda da jima'i. Shugaban makaranta zai karanta su kafin ya ba ka aji, iyaye za su karanta kafin su sa hannu, kuma iyalan da suka ƙi sa hannu ba lalle su yi kama da waɗanda suka yarda ba.

Tsawonta kuma yana da farashi a lissafi. Ƙa'idar COSMIN, wadda masu tantance ma'aunan lafiya ke bi, tana son kimanin mutum bakwai ga kowace tambaya idan za a gwada ko tambayoyin sun kasu rukuni-rukuni yadda aka tsara. Bakwai sau 69 ya kama 483. Wannan kafin a cire waɗanda suka bar rabin shafi fayau, ko suka bi layi ɗaya suna zana sifili daga sama har ƙasa domin ƙararrawar tashi ta kusa. Ma'auni mai tambayoyi biyar mutum ɗari zuwa ɗari biyu sun ishe shi wannan gwajin.

Wannan ya kawo mu ga WSAS, mai tambayoyi biyar kan cikas a aiki, hidimar gida, hutu da zama da mutane, kowace daga 0 zuwa 8, jimilla 40. An wallafa ta manya a 2002, daga baya aka fitar da ta matasa da ta iyayensu. A ganina ita ce ta tsaya a tsakiya: ba ta da ƙofar da ke rufe mutum tun farko kamar ta SDQ, kuma matakai tara na amsa suna ba da sarari a ga ɗan motsi daga mako zuwa mako. Amma kowace tambayarta tana cewa ne «saboda matsalata», wato ta ɗauka mai amsa ya riga ya yarda yana da matsala kuma ya san wacce ce. A ɗakin jiran asibiti wannan daidai ne. A aji, inda akasarin yara ba su taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba, sai ka ga hannu a sama: «Malam, wace matsala?»

Akwai kuma ma'aunan da ba matashi ke cikawa ba. CGAS, da David Shaffer da abokan aikinsa suka fitar a 1983, lamba ɗaya ce tal daga 1 zuwa 100 da likita ke bayarwa bayan ya gana da yaro da iyayensa, sama da 70 ana ɗauka lafiya lau. Ba ta cin lokaci, kuma tana tattara abin da ƙwararre ya gani da wanda ya ji. Lamba ɗaya dai ba ta faɗin ko a gida gobarar take ko a makaranta, kuma in ba a horar da masu bayarwa tare ba, likitan Torino da na Palermo suna iya duba yaro iri ɗaya su bambanta da maki goma. Ba za ka kai ta makaranta ka raba ba. Amfaninta ga mai tantancewa shi ne ta zama abin gwadawa: in sabuwar takardarka ta ce yaro ya tawaya ƙwarai, likitan da bai ga takardar ba ya ba shi 85, ɗayanku ya yi kuskure.

WHODAS 2.0 ta Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kwarjini. Tambayoyi 36 ne, ko 12 a gajarce, kan kwanaki 30 da suka wuce, kuma DSM na biyar ya kawo ta a 2013 lokacin da ya ajiye tsohon ma'aunin GAF, mai lamba ɗaya irin CGAS. Ta tsiro ne daga ICF, tsarin hukumar na bayyana nakasa da abin da mutum ke iya yi, wanda dokar Italiya ta 2017 kan shigar da ɗalibai masu nakasa cikin makarantu ta ɗauka a matsayin tushe, don haka yarenta ɗaya da na takardun hukuma. Amma ta manya ce, kuma tambayoyi irin na tsayuwa minti talatin, tafiyar kilomita ko wanka ba sa cewa komai game da yarinyar Bologna mai tsoron allo. In yaranka masu ciwon jiki ne ko nakasa, ka dube ta da kyau. In na fargaba da damuwa ne, wuce.

Biyu suka rage, kuma a kansu nake so in ja kunne, domin su ne suka fi saurin ba mai bincike sakamako mai daɗin gani. Ma'aunin Columbia, CIS, na Hector Bird da abokansa a 1993, tambayoyi 13 ne daga 0 zuwa 4. HoNOSCA ta Ingila, wadda ma'aikacin asibiti ke cikawa, ita ma fannoni 13 ne na asali. Dukansu sun gauraya tawaya da alamomi. CIS tana tambayar zama da uwa da uba da aikin makaranta, amma a jeri guda tana tambayar baƙin ciki da jin tsoro. HoNOSCA tana da zuwa makaranta da abota, tana kuma da ƙiriniya, cutar da kai da gane-gane. Yanzu ka ce za ka tabbatar da inganci ta hanyar kwatanta makin CIS da na takardar damuwa. Dangantaka za ta fito da ƙarfi, ka yi murna. Alhali tambaya ɗaya ka yi wa yaro sau biyu a takardu daban, tuwona maina. 'Yan matan nan biyu na farko, da muka fito neman abin da zai raba su, irin wannan ma'aunin yana sake matso da su kusa da juna. Ba wai ba su da amfani ba. HoNOSCA tana yi wa asibiti aiki wajen bin diddigin marasa lafiya daga shiga zuwa sallama. Amma in tambayarka ita ce tawaya a karan kanta, bugaggen mudu ne.

Kowanne aka zaɓa, fassara ba ita ce tantancewa ba, ko da yake nan ake yawan tsayawa a ce an gama. Hanyar da aka saba ita ce mutum biyu su fassara zuwa Italiyanci kowa shi kaɗai, a haɗa, wasu da ba su ga asalin ba su mayar da ita Turanci, kwamiti ya zauna kan bambance-bambancen, duk da izinin mai ma'aunin. Masu SDQ, alal misali, ba sa yarda a canza ko kalma ɗaya ba da saninsu ba. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun bi irin wannan hanya da suka mayar da ma'aunin Oswestry na ciwon baya zuwa Hausa, don haka ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne zama da matasa goma ko ashirin, ɗaya bayan ɗaya, a ce su karanta kowace tambaya su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Ɗauki gudun makaranta kawai. A littafi marinare la scuola ne, ɗan Milan zai ce bigiare, ɗan Firenze fare forca, ɗan Napoli fare filone. Kalmar littafi kowa ya san ta, amma tana da ƙamshin bakin malami, kuma yaro yana amsa tambayar malami daban da yadda yake amsa ta aboki.

Bayan nan sai lissafi, kuma a nan ma tsawon ma'auni yana yaudara. Lambar alfa ta Cronbach, mai nuna yadda tambayoyin ma'auni suka jitu da juna, wadda ake so ta kai 0.70, tana hawa da yawan tambayoyi. Takarda mai tambayoyi 69 tana iya haye 0.90 ko da fannoninta ba su jitu ba, don haka a duba ta fanni-fanni. A sake ba wasu yaran takardar bayan mako biyu a ga ko ta tsaya kan maganarta, amma kada makon farko ya faɗo a tsakiyar Oktoba na biyu ya faɗo ƙarshen Janairu da ake rufe makin zango, domin a lokacin rayuwar ɗalibi ce ta canza, ba ma'aunin ba. A gwada ko tambayoyin suna nufin abu ɗaya ga maza da mata, ga ɗan liceo, sakandaren da ke shirya ɗalibi shiga jami'a, da ɗan makarantar sana'a, ga Lombardiya a arewa da Sisili a kudu. Tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zama ta waccan ba, ko da sunansu ɗaya. Kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma a makarantun Italiya ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, 'ya'yan iyalai daga Romaniya, Albaniya, Maroko, Sin, har da Najeriya da Gana. A gidan da 'yar shekara 14 ke dafa abincin dare tana kula da ƙanne, tambayar «wahalar yin aikin gida» tana da nauyin da ba ta da shi a gidan da aikin yaro shi ne gyara gadonsa. Binciken da aka yi a liceo biyu na birni ɗaya a arewa, aka sa masa suna «matasan Italiya», ya yi wa kansa kirarin da bai kai ba.

Italiya tana da wata dama da ya kamata a ci moriyarta: rajistar makaranta ta intanet, inda ake shigar da fashi, makara, maki da gargaɗin ɗabi'a kullum. Da izinin iyaye da kiyaye dokar sirrin bayanai, wannan shaida ce da ba daga bakin yaro ta fito ba. In fannin makaranta na takardarka ba ya tafiya da kwanakin fashi da yawan darussan da aka samu ƙasa da shida cikin goma, wato aka faɗi, to akwai magana. WFIRS ce ta fi cin ribar wannan gwaji, tunda tana da tambayoyi goma kan makaranta kaɗai. SDQ da WSAS tambaya ɗaya suke da ita a wurin.

Wa za a tambaya, yaro ko iyaye? Tun 1987 Thomas Achenbach da abokan aikinsa suka tattara bincike da yawa suka nuna cewa jituwar amsar yaro da ta iyayensa ba ta wuce kimanin 0.25 a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar jituwa. Uwa ta san ƙarfe nawa aka tashi da irin faɗan da aka yi a kan tebur. Ba ta san cewa 'yarta ta yi wata guda tana cin abincin tara ita kaɗai a bayan aji ba. Matashi mai ADHD kuma yakan rage wa matsalarsa nauyi. Saboda haka ma'aunin da ke da takardar yaro da ta iyaye ya fi wanda ke da ɗaya, kuma rashin jituwarsu ba hujja ba ce cewa ma'aunin ya lalace. A lura dai: a SDQ, WSAS da CIS takardun biyu kusan tagwaye ne, ana iya jera su tambaya da tambaya. A WFIRS ta iyaye da ta matashi ba su zo ɗaya ba a yawa ko a fannoni, sai dai a kwatanta fanni da fanni.

Da ni ne da aikin, ga yadda zan raba. In manufar ita ce tace ɗalibai masu yawa a makarantu da kuɗi kaɗan, shafin tasiri na SDQ ya wadatar, kuma ƙarfina zan sa wajen gano makin da ya dace a ja layi a kansa ga yaran Italiya, ta hanyar gwada shi da ganawar likita. In asibiti ne mai jinyar fargaba da damuwa yana son ganin canji a kowace ziyara, WSAS ta matasa. In kuwa ana neman ma'aunin da zai nuna wa likita da malami da iyaye inda za su fara, kuma akwai halin tara ɗalibai ɗari biyar ko fiye daga arewa, tsakiya da kudu, da wasu ɗari daga cibiyoyin NPIA don a ga ko takardar tana raba su da 'yan aji, zan ɗauki WFIRS duk da nauyinta. Zan shiga da shirin cewa fannin aiki mai yiwuwa a ware shi ga 'yan ƙasa da 16, zan nemi izini tambayoyin tuƙi su ambaci babur ƙarara, zan sa shafin SDQ a bayanta a matsayin abokin gwaji tunda minti biyu kawai zai ƙara, likitoci kuma su ba da CGAS ba tare da sun ga amsoshin yaran ba. Takardar izinin iyaye kuma zan tura ta tun Satumba, domin wadda aka raba a watan Mayu, lokacin da kowa ke fafutukar gyara maki kafin hutun Yuni, a ƙasan jaka take kwana.